Wasan canka lamba: wayata ce ke ƙarya ko ni ne ban iya ba?

Sani Bagalam:
Assalamu alaikum, ina kwananku. Don Allah wani ya duba mini abin nan, tun jiya ya hana ni sakat. Sati uku ke nan da na fara koyon Python, harshen da ake rubuta wa na'ura umarni da shi, a waya, da manhajar Pydroid 3 nake yi tunda ba ni da kwamfuta. Na rubuta ɗan wasan nan da ake cewa kowane sabon shiga ya fara da shi: na'ura ta ɓoye lamba tsakanin 1 da 100, kai kuma ka yi ta canka, tana ce maka ka hau ko ka sauko har ka dace. Ya tashi lafiya lau, ko jan rubutu ɗaya bai nuna ba. Sai na miƙa wa ƙanwata Zalika don in yi mata burga. Ta buga 50, ya ce ta hau. Ta buga 51, ya ce ta sauko. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wace lamba ce tsakanin 50 da 51?" Na ce ke dai ci gaba. Sau 40 ta buga ba ta ci ba, ta ajiye mini wayar kan tabarma ta ce wayata maƙaryaciya ce, Inna na bakin murhu tana ta dariya. Ga abin da na rubuta:

import random
yawa = 0
while True:
    ɓoye = random.randint(1, 100)
    amsa = input("Faɗi lamba: ")
    zato = int(amsa)
    yawa = yawa + 1
    if zato < ɓoye:
        print("Hau sama")
    elif zato > ɓoye:
        print("Sauko ƙasa")
    else:
        print("Ka canka!")
        break

Lawali:
Hhhh Zalika ta fi ka gaskiya. Ɗauke layin randint ka kai shi saman while. Magana ta ƙare.

Mushe Idi:
Wa alaikumus salam. Lawali, ka cika gaggawa, ka tauna ka zuba mashi a baki. Sani, kar ka taɓa wayar tukuna. Ɗauko kaye da bik, ka zama kai ne na'urar. Bi layukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. In ka kai ƙarshe, Zalika ba ta ci ba, ina kake komawa? Kuma mi ne ne layin farko da kake tararwa in ka koma?

Sani Bagalam:
Mushe, ina komawa ƙarƙashin while. Layin farko shi ne na ɓoye lamba... Kai! Wato duk sanda ta buga, sabuwar lamba yake ɗauka?

Mushe Idi:
To ka gani. Wayar ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Sanda ta buga 50, lambar da ke ɓoye ta fi 50 da gaske. Sanda ta buga 51, an riga an canza ta da wata ƙarama. Kamar ka ɓoye goro cikin ɗaya daga ƙwarya ɗari, yaro na nema, duk ya buɗe guda sai ka sake ma goron wuri, kuma kana ce mashi yi gabas, yi yamma. Duk abin da ke ƙarƙashin while da ƴar tazarar nan ta gaba, ana maimaita shi kowane zagaye. Abin da kake so a yi sau ɗaya tak, waje yake zama.

Nana Hadiza:
Ka ba Zalika haƙuri, an zalunce ta. A yadda ka rubuta shi, kowane bugu damarta ɗaya ce cikin ɗari, kuma bugun baya bai ƙara mata komai ba. In ka lissafa, mutum uku su buga sau 40 kowanne, kusan biyu daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Da ta ci ma, sa'a ce kawai, kuma da ba ka taɓa gane akwai kuskure ba. Wannan ne abin tsoron. Kuskuren da ke fito da jan rubutu ɗan albarka ne, ya nuna maka kansa. Wanda ke tafiya shiru shi ne mugu.

Sani Bagalam:
Na gyara, Alhamdu lillahi, na ci a bugu na 11. Na gode Mushe, na gode Anti Hadiza.

Lawali:
Ni fa zan faɗi gaskiyata ko da za a ji haushi. Wasan nan ɓata lokaci ne. Shekara nawa ana sa yara rubuta shi? Wa zai ba ka ko dala don ka iya canka lamba? Ni da na fara, shafin intanet na yi wa wani mai shagon atamfa, ya biya ni, daga nan na san abin na ci ne. Yanzu ma ka buɗe ChatGPT ka ce ya rubuta maka wasan, kafin shayi ya tafasa ya gama, babu kuskure. Sani ka bar wasan yara ka nemi abin da zai kawo kuɗi.

Nana Hadiza:
Lawali, da ya kwafo shi daga can, yau da bai san bambancin cikin while da wajensa ba. Layi goma sha huɗu ne kacal, amma duba abin da ke ciki: ajiye ƙima cikin suna, karɓar abu daga hannun mutum, juya rubutu ya koma lamba, sharaɗi mai rassa uku, maimaici, da hanyar fita daga maimaicin. Shafin mai atamfar naka, in har yana lissafa kuɗin turmi uku, da waɗannan yake yi.

Lawali:
Na yarda suna ciki. Amma sati uku kan layi goma sha huɗu?

Mushe Idi:
Kai wata nawa ka yi kana a, ba, ta, sa kafin ka haɗa baƙi?

Lawali:
Mushe kar ku tona min asiri a gaban yara, hhhh.

Mutari Mai Gyaran Waya:
Ni ba na cikin masu ilimin nan, gyara nake yi a bakin kasuwa, amma ina karanta ku. Na kwafa na gwada a wata waya da ke hannuna. Maimakon lamba sai na rubuta hamsin da baƙaƙe, don in ga mi zai yi. Ya watso min jan rubutu ya mutu. ValueError ya ce. Laifina ne ko na Sani?

Nana Hadiza:
Na Sani ne, Malam Mutari, kuma kun yi masa babban aiki. Duk abin da mutum ya buga, Python rubutu yake ɗaukarsa, ko da 50 ne. Aikin int shi ne ya juya rubutun ya zama lambar da za a iya aunawa. In ka ba shi "hamsin", bai san ta ba, sai ya tsaya. Haka in ka danna shiga ba ka rubuta komai ba. Haka in ka rubuta 50,5 da waƙafi irin yadda aka koya mana a lakwal, ko 1 000 da tazara a tsakiya. Maganin shi ne a kewaye layin:

try:
    zato = int(amsa)
except ValueError:
    print("Lamba za ka rubuta, ba baƙaƙe ba")
    continue

Kuma Sani ka lura, layin ƙara yawa ya zo bayan wannan, kar a ci mutum tarar bugu don yatsansa ya zame.

Sani Bagalam:
Anti to me ya sa ba za a cire int ɗin gaba ɗaya a huta ba?

Nana Hadiza:
Cire ka gani. Zai ce maka TypeError, ba a auna rubutu da lamba. Gara ma da yake ƙi. In da duka biyun rubutu ne, zai auna su kamar jerin sunaye a rajista, harafin farko yake dubawa, sai ka ga "9" ta fi "50" girma don 9 na bayan 5.

Malam Usaini:
Salamu alaikum. Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ɗana ne ya nuna mini abin, ya ce shi ma zai koya. Da na ji ana cewa na'ura na jefa lamba ana canka, sai gabana ya faɗi. Wannan ba ƙofar caca ba ce? Muna ganin yadda samari ke ƙarewa a wuraren buga ƙwallo da kuɗi, babur ya tafi, waya ta tafi.

Mushe Idi:
Wa alaikumus salam Malam. Tsoronku na kan hanya, kuma hukunci ku ne masu shi, ba ni ba. Abin da zan iya shaida shi ne yadda abin yake. Ba a zuba ko tamma, ba a cin na kowa, kamar ƴar canke ce da yara ke yi da tsakuwa a dunƙulen hannu. Sa'annan wasan in an rubuta shi daidai ba na sa'a ba ne ma. Wanda ya san hanya ba zai wuce bugu bakwai ba, ko wace lamba aka ɓoye. Hadiza, ke ce ƴar lissafi, buɗe ma Malam.

Nana Hadiza:
To Mushe. Malam, dabarar ita ce kullum a bugi tsakiya. Ka fara da 50. In aka ce hau, ka zubar da rabin lambobin a bugu guda, saura 51 zuwa 100. Ka bugi 75. Aka ce sauko, saura 51 zuwa 74, lambobi 24. Haka za ka yi ta rabawa biyu: ɗari ta koma hamsin, hamsin ta koma ashirin da biyar, sai sha biyu, shida, uku, ɗaya. Bugu shida na iya rufe lambobi 63, bugu bakwai na rufe 127, shi ya sa ɗari ba ta wuce bakwai. In kun bi lambobin duka ɗari ɗin da wannan hanya, 63 za a kama su cikin bugu shida ko ƙasa da haka, 37 ne ke kai mutum na bakwai. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da aka fara nuna mana a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ne yadda abin ba ya girma. Daga 1 zuwa 1000, bugu goma. Zuwa miliyan ɗaya, bugu ashirin. Da za a jera sunayen mutanen Nijar kaf bi da bi, rabawa 25 ta isa a ciro mutum guda, don tana rufe sama da miliyan 33.

Malam Usaini:
Ikon Allah. Ai haka muke neman shafi a littafi, ka buɗe tsakiya, ka ga ka wuce, ka dawo baya. Ashe lissafi ne. To na ji. Amma zan sa masa ido, ranar da na ji an ce wanda ya faɗi ya sayi shayi, wasan ya ƙare.

Mutari Mai Gyaran Waya:
Wanga abu ai ciniki ne. Ranar Litinin ko Juma'a ku zo kasuwa ku ga dillalan awaki. Mai saye ya taya jika ashirin, a ce albarka. Ya ƙara, a ce albarka. Sani, ka mai da shi wasan sayen akuya mana, in an buga ƙasa ya ce "albarka", in an dace ya ce "na sallama". Yara za su fi so.

Lawali:
To in an buga sama fa? Wane mai akuya ne zai ce maka sauko ka yi yawa? Karɓe kuɗin zai yi ya miƙa maka igiya.

Mutari Mai Gyaran Waya:
Hhhh wallahi ka kama ni. To a bar shi hakanan, in ka zarce ya sallama maka, ya gaya maka nawa aka cuce ka.

Nana Hadiza:
Kun san wannan wani wasa ne daban, kuma dabarar tsakiya ba ta aiki a cikinsa, tunda zarcewa faɗuwa ce. Sani in ka gama na farko ka gwada shi. Kuma in da dala za ka yi ciniki, ka tuna ninkawa da biyar wajen nuna kuɗin, dala ashirin ta fito 100.

Rakiya Tibiri:
Ina yini jama'a. Ni ina koyarwa ne a firamare, ina bin ku a hankali. Abin da ya ɗaure mini kai, na ga Sani ya rubuta ɓoye da zato da yawa a ciki. Na zaci sai da Turanci ko Faransanci ake yi. Har da ɓ mai lanƙwasa ta karɓa?

Mushe Idi:
Ta karɓa, Madam. Kalmomin harshen kansa, irin su while da if da else, ƙayyadaddu ne, ba a taɓa su. Amma sunayen da kai ka raɗa naka ne. Tun Python 3, wanda ya fito a 2008, ana iya sa ƙ da ɗ da ɓ cikin suna. Abin da zai ba Malam Usaini sha'awa ma, int na gane lambobin Larabci. Ka buga ٥٠ zai ɗauke ta hamsin.

Lawali:
Nan kam ban goyi baya ba. Ranar da zai nemi taimako wajen wani ɗan Dakar ko ɗan Legas, wa zai gane ɓoye? Kuma ba kowane allon rubutu ke da ɓ ba, ya je sibar ya tarar da kwamfuta babu ita, ya zauna yana kwafowa ɗaya ɗaya. Ya saba da Turanci tun yanzu.

Nana Hadiza:
Batun allon rubutu gaskiyarka ne, ni ma boye nake rubutawa da b talaka in ina kan kwamfuta. Amma ka duba da kyau, da ya sa wa lambar suna x, kana jin da ya yi saurin cewa "layin ɓoye lamba" sanda Mushe ya tambaye shi? Sunan ne ya tona kuskuren. In ya fara aiki da mutanen waje ya canza, ba wuya.

Lawali:
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Rakiya Tibiri:
Ni gobe zan gwada shi a aji ba tare da na'ura ba. Yaro ɗaya ya rubuta lamba a allonsa ya kife, sauran su canka, in ga wa zai gano dabarar tsakiya da kansa.

Sani Bagalam:
Wata tambayar kuma. Ta yaya waya ke zaɓen lambar? Tunani take yi?

Mushe Idi:
Ba ta tunani, kuma ba ƙuri'a take jefawa ba. Lissafi ne mai tsawo da ke fitar da lambobi masu kama da na barkatai. Wanda Python ke amfani da shi ana ce mashi Mersenne Twister, wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, sunka fito da shi a 1997. Yana farawa ne daga wata lamba da ake kira iri. Iri ɗaya, amfani ɗaya. Sa random.seed(5) a saman wasanka ka tada shi sau goma, lamba guda za ta yi ta fitowa. Yana da amfani sanda kake neman kuskure, amma ka tuna ka cire, in ba haka ba Zalika za ta ci a bugun farko kullum. Don haka ne ma ba a yin kalmar sirri da random, akwai wani daban mai suna secrets. Wani abu kuma da ke kada mutane: randint na haɗawa da 1 da 100 duka, amma range in ka ba shi 1 da 100, a 99 yake tsayawa.

Sani Bagalam:
Na dawo. An ɗauke kuran tun azahar, sai da na kai wayar caji wajen mai shago. A fada na zauna na juya wasan kamar yadda Anti ta bayyana: ni ke ɓoye lamba a raina, waya na canka. Na sa ƙasa 1, sama 100, tana bugun tsakiya. Tana kama kowa, abokaina har sun fara cewa da aljani a ciki. Sai wani ya ɓoye 100. Ta hau har 99 ta tsaya nan, 99, 99, 99, muna ce mata hau tana maimaitawa, har aka sauke shayi na biyu.

Nana Hadiza:
Turo layin da kake gyara ƙasa in an ce hau.

Sani Bagalam:
tsakiya = (ƙasa + sama) // 2
in an ce hau: ƙasa = tsakiya

Lawali:
Na gani amma na yi shiru, kar Mushe ya ce na tauna.

Mushe Idi:
Madalla da Lawali. Sani, kaye da bik. Ƙasa 99, sama 100. Tara su, raba biyu, zubar da ɓurɓushi. Nawa ka samu? Sa'annan ƙasa ta koma nawa?

Sani Bagalam:
199, rabi 99 da rabi, a zubar da rabin, 99. Ƙasa ta koma 99. Ba ta motsa ba ke nan. Ai tunda an riga an ce ba 99 ba ce, bai kamata in bar ta cikin lissafi ba. Sai in ce tsakiya + 1. In an ce sauko kuma sama ta zama tsakiya - 1.

Nana Hadiza:
Shi ke nan. Yanzu in an ɓoye 100 za ka ga 50, 75, 88, 94, 97, 99, 100. Ƙirga, bakwai cif. Kuma ka samu kyauta a ciki: duk sanda ƙasa ta wuce sama, babu sauran lambar da ta rage, wato mutumin ne ya canza lamba a ransa ko ya manta. Sa ta faɗa masa.

Mutari Mai Gyaran Waya:
A rubuta "Ji tsoron Allah".

Lawali:
Wannan kam zan saya. Sani in ka gama turo mini, akwai wani a fadarmu da ba a taɓa cin sa a komai ba.

Sani Bagalam:
Na sa. Na kai wa Zalika bayan isha'i, na ce ta ɓoye lamba. A bugu na shida wayar ta ce mata ji tsoron Allah. Ta ce ita ramuwa take yi, jiya sau 40 aka canza mata, saura 39.